Shamoni, Garin Da Ke Cin Abinci A Jikin Dutse

A kudu maso gabashin ƙasar Faransa, daidai inda iyakarta ta haɗu da ta Italiya da ta Suwizalan, akwai wani dogon kwari ƙuntatacce wanda tsaunuka suka sa a tsakiya, kogin Arve kuma ya ratsa shi daga wannan kai zuwa wancan. A cikin wannan kwari ne garin Shamoni yake, wanda Faransawa ke rubuta sunansa Chamonix. Mazaunansa na dindindin ba su kai mutum 9,000 ba, amma duk da haka sunansa ya zaga duniya, saboda yana gindin Mon Bulan, dutse mafi tsawo a cikin tsaunukan Alps duka. Ma'anar sunan kuwa ita ce Farin Dutse, domin ƙanƙara ba ta barin kansa ko da rana ɗaya a shekara.

Domin mai karatu ya kwatanta tsawon dutsen nan, sai mu ɗauki abin da muka sani a gida. Dutse mafi tsawo a Nijeriya shi ne Chappal Waddi da ke Jihar Taraba, mai tsawon mita 2,419 daga saman teku. Mon Bulan ya kusa ninka shi biyu, gama awon da aka yi masa a 2023 ya nuna mita 4,805 da 'yan kai. Ana sake awon duk bayan shekara biyu, don kuwa ƙwanƙolin dutsen tulin ƙanƙara ne, yakan ƙaru yakan ragu. Garin kansa yana kan mita 1,035, watau bai kai Jos tudu ba. Saboda haka wanda ya tsaya a tsakiyar gari ya ɗaga kai, abin da zai gani bango ne na dutse da ƙanƙara wanda ya tashi sama kusan kilomita 4, har a watan Disamba rana ba ta leƙo wasu unguwanni sai hantsi ya dubi ludayi.

Baƙo yakan sauka a filin jirgin sama na Janeba, cikin ƙasar Suwizalan, daga nan ya shiga mota, tafiyar sa'a ɗaya da 'yan mintoci. Na ga garin da hunturu, na kuma gan shi da bazara, sai ka ce garuruwa biyu ne dabam. A watan Fabrairu kowa ka gamu da shi a titi yana saɓe da wasu dogayen alluna guda biyu a kafaɗa, yana tafe ƙwas-ƙwas cikin takalma masu tauri. A watan Yuni kuwa, sa'ad da ba a yin magariba sai bayan ƙarfe tara na dare, kekuna ne ko'ina: a bayan motoci, a ƙofar gidajen abinci, a cikin jirgin ƙasa. Kantin da ya ba ka hayar alluna da sanyi, shi ne zai ba ka hayar keke da zafi, kuma sau da yawa yaron kantin ma shi ne dai.

Abin da baƙo zai gane bayan 'yan kwanaki shi ne mutanen nan, duk da arzikinsu da na'urorinsu, zamansu irin na manomi ne. Abincinsu yana rataye a kan abin da sama ta zubo. In dusar ƙanƙara ta sauka da wuri kuma ta daɗe, shekara ta yi kyau, masu masauki da direbobi da masu kantuna kowa ya samu. In ta yi jinkiri, kowa ya ji a jikinsa. Ga shi kuwa a zamanin nan ƙanƙarar da suka gina garinsu a kanta ja da baya take yi, suna ji suna gani.

DUTSEN DA AKE GUDU

Da can mutanen kwarin ba su ɗauki ƙanƙara da wata albarka ba. Talakawan manoma ne da makiyaya, suna shuka ɗan hatsi a gajeruwar damina, suna kiwon shanu da awaki, wasu na farautar namun tsauni, wasu na neman duwatsu masu ƙyalli suna sayarwa. Babban abin tsoronsu shi ne kogunan ƙanƙara. Yadda abin yake shi ne, dusar da ke sauka a can sama ba ta narkewa, ta bana ta hau kan ta bara, nauyi ya danne ta har ta zama ƙanƙara mai tauri, sa'an nan ta riƙa gangarowa cikin kwazazzabai a hankali, ido ba ya ganin motsinta. A ƙarni na 17 an yi wani dogon zamani na sanyi a Turai, kogunan nan suka miƙo har cikin kwarin, suka murƙushe gonaki da gidaje. A 1644 sai da mutane suka gayyato babban limamin Kirista na lardin, aka yi jerin gwano zuwa bakin ƙanƙarar, ya yi addu'a ta koma inda ta fito.

Baƙi ne suka sauya wa wurin daraja. A 1741 wasu Ingilishi biyu, William Windham da Richard Pococke, suka hau wani tudu da ake kira Montenvers, suka leƙa babban kogin ƙanƙarar da yau ake kira Mer de Glace, watau Tekun Ƙanƙara, labarinsa kuma ya bazu a Turai. A 1760 wani masani ɗan Janeba, Horace-Bénédict de Saussure, ya sa ladan kuɗi ga duk wanda ya gano hanyar hawa Mon Bulan. Sai da aka shekara 26 kafin a ci ladan. Ran 8 ga Agusta 1786, likitan garin, Michel-Gabriel Paccard, da wani mai neman duwatsu, Jacques Balmat, suka taka ƙwanƙolin. Daga nan masu kuɗin Turai suka yi ta zuwa, kowannensu kuwa yana bukatar ɗan gari da zai ja masa gaba ya ɗaukar masa kaya. A 1821 aka kafa ƙungiyar jagororin dutse ta Shamoni, wadda ta fi kowace irinta daɗewa a duniya, har yau kuma tana aiki. Jirgin ƙasa ya iso garin a 1901, sa'an nan a 1924 aka yi gasar Olamfik ta hunturu ta farko a nan, ƙasashe 16 suka halarta. Abin da kakanni suka yi addu'ar Allah ya raba su da shi, shi ne ya zama gonar jikoki.

TAFIYA A KAN DUSA

Allunan da muka ambata su ne Turawa ke kira siki. Sirara ne, kowane ɗaya ya kusa tsawon mutum, ana ɗaura su a ƙarƙashin takalmi don kada ƙafa ta nutse, mutum kuma ya riƙa zamewa a kan dusa yana dogara sanduna biyu. Wanda ya fara yayata su a kwarin likita ne mai suna Michel Payot, a ƙarshen ƙarni na 19, domin ya riƙa isa wurin marasa lafiya a ƙauyukan da ƙanƙara ta rufe wa hanya.

Masu siki kashi biyu ne. Mafi yawa baƙi ne 'yan hutu, su sayi tikiti, su shiga motar igiya, watau wani akwati da ke tafiya rataye a jikin igiyar ƙarfe, ta kai su sama, su gangaro ta hanyoyin da aka share aka daddale, su sake komawa. Mafi shahara cikin motocin nan ita ce ta Aiguille du Midi, wadda aka buɗe a 1955. Cikin kamar minti 20 takan ɗauki mutum daga gari ta kai shi wani tsinin dutse mai tsawon mita 3,842, inda iska ta yi ƙaranci har hawa 'yar matakala sai da haki.

Kashi na biyu su ne waɗanda ba ruwansu da mota, da ƙafarsu suke hawa. Dabararsu abar sha'awa ce. Sukan manna wani dogon ƙyalle mai gashi a ƙarƙashin kowane allo. Da can fatar wata dabbar teku ce, yanzu kuwa da gashin akuyar Angora ake saƙa shi, ko da zaren roba. Gashin duk gefe ɗaya ya kwanta, kamar yadda in ka shafa bayan akuya daga wuya zuwa wutsiya hannu ke wucewa sumul, in ka juyo kuma gashin ya tashi ya tokare. Saboda haka allon yana zamewa gaba, amma ba ya komawa baya. Diddigen takalmi a sake yake lokacin hawa, mutum yana jan ƙafa ɗaya bayan ɗaya. Mai ƙarfi yakan tashi mita 300 zuwa 400 a sa'a guda. In ya kai sama sai ya ɓare ƙyallen ya naɗe, ya kulle diddige, ya gangaro cikin 'yan mintoci ta inda ya yi rabin yini yana hawa. Ladansa shi ne dusar da babu wanda ya taka, da shirun da babu irinsa a gari. Wannan irin tafiya ta sami karɓuwa ƙwarai, har a 2021 kwamitin Olamfik na duniya ya amince a sa tserenta cikin gasar hunturu ta 2026 a Italiya.

Babban burin masu wannan tafiya shi ne su bi hanyar da ake kira Haute Route, watau Hanyar Sama, daga Shamoni zuwa garin Zarmat na Suwizalan. Likita Payot da wasu jagororin garin ne suka fara gwada ta a kan siki a 1903. Ta fi kilomita 100, ana yin ta cikin kwana shida ko bakwai, galibi a watannin Maris da Afrilu. Wanda ya san labarin fatake zai gane tsarinta nan da nan, domin zango-zango ake yi. A can saman duwatsu an gina masaukai, tsakanin wannan da wancan tafiyar yini, jirgin sama mai saukar ungulu ne ke kai musu abinci da makamashi. Matafiya sukan kwana a ɗaki ɗaya jere, su ci tuwo ɗaya, ruwa kuma da tsada gama a wasu masaukan sai an narkar da ƙanƙara. Tun kafin asuba ake tashi, da fitila ɗaure a goshi, saboda da rana ta take dusar takan yi laushi ta fara zubowa. Jagora kuwa shi ne madugu: shi ke duban sama, shi ke sanin inda ƙanƙara ta tsage dusa ta rufe bakin ramin, shi ke cewa a ɗaura igiya, kuma in ya ce a juya, sai a juya.

Duk da haka dutse ba ya sabo. A ƙarshen Afrilu 2018 guguwa ta rutsa da wata tawaga a kan hanyar nan kusa da wani tsauni mai suna Pigne d'Arolla. Hazo ya rufe ko'ina, suka kasa gane hanya, suka kwana a fili, alhali masaukin Vignettes yana 'yan ɗaruruwan mitoci daga inda suke. Mutum bakwai suka rasu, har da jagoran.

ZAFTAREWAR DUSA

Abin da ya fi kashe masu siki a wajen hanyoyin da aka share shi ne zaftarewar dusa. Dusa hawa-hawa take kwanciya, kowace sauka da irin nata kauri da taurin. In wani hawa mai tauri ya zauna a kan mai gari-gari, nauyin mutum ɗaya ya isa ya karya shi, sai gefen dutse gaba ɗaya ya taho kamar bangon da damina ta jiƙa. An fi samun haka a gangaren da karkatarsa ke tsakanin digiri 30 da 45, wanda kuma shi ne ya fi daɗin gangarowa. A ƙasar Faransa kimanin mutum 30 ke mutuwa ta wannan hanya a matsakaicin shekara.

Saboda haka kowace rana ta hunturu hukumar duba yanayi takan fitar da sanarwa, tana auna hatsarin daga 1 zuwa 5, mutanen gari kuma sukan karanta ta kafin su karya kumallo. Babu mai hankalin da zai fita ba tare da abu uku ba: 'yar na'ura da ake ɗaurawa a ƙirji wadda ke aika sigina, da doguwar sanda mai naɗewa ta caka dusa, da ƙaramin shebur. Dalili kuwa lokaci ne. Binciken likitoci ya nuna cewa cikin waɗanda aka tono a minti 15 na farko, kusan tara cikin goma sukan rayu, bayan nan kuwa adadin yakan faɗi da sauri saboda numfashi ya ƙare. Akwai rundunar jandarmomi ta musamman a garin tun 1958, masu aikin ceto da jirgi mai saukar ungulu, amma kafin jirgi ya iso sau da yawa bakin alƙalami ya bushe. Abokin tafiyarka shi ne zai tono ka, shi ya sa ba a zaɓen abokin hawa da wasa.

Ba masu hawa kaɗai abin ke shafa ba. Ran 9 ga Fabrairu 1999, bayan kwanaki ana zuba dusa, wata babbar zaftarewa ta sauko kan ƙauyen Montroc da ke saman kwarin, ta tsallake kogi, ta rushe gidaje, ta kashe mutum 12 a wurin da taswirar hukuma ta nuna babu hatsari. Bayan wannan sai da aka sake zana taswirorin kwarin.

ZAMANIN KEKE

In watan Mayu ya kama, dusa takan janye zuwa sama, ciyawa ta fito, kogin Arve ya cika da ruwa toka-toka kamar an dama gari a ciki, saboda garin dutsen da ƙanƙara ta niƙa. Daga nan sai a jingine alluna a fito da kekuna.

Keken dutse ba irin Raleigh ɗin da muka saba gani yana ɗauke da buhu a hanyar kasuwa ba ne. Tayoyinsa masu kauri ne da manyan haƙora, yana da sifirin gaba da baya mai shanye gargada, birkinsa na faifai ne mai aiki da mai kamar na mota, ga giya mai yawa ta yadda za a hau tudun da ko jaki sai ya yi nishi. Mai kyau yakan kai Yuro 3,000 ko fiye. Asalinsa daga Amurka ne. A shekarun 1970 wasu samari a gundumar Marin ta jihar Kalifoniya suka riƙa tattaro tsofaffin kekuna masu faɗin taya suna tsere da su a gangaren duwatsu. A 1976 suka fara wata gasa da suka sa wa suna Repack, saboda birkin yakan yi zafi har man cikinsa ya ƙone, sai an sake cusa wani bayan kowace gangara. Ɗaya daga cikinsu, Joe Breeze, ya ƙera keke na musamman domin wannan aiki a 1977, sa'an nan a 1981 kamfanin Specialized ya fitar da Stumpjumper kasuwa da yawa. An yi gasar duniya ta farko a 1990, wasan kuma ya shiga Olamfik a 1996 a birnin Atlanta.

Mutanen Alps ba su yi jinkirin gane amfaninsa ba. Motocin igiyar da da suke zaman banza da bazara sai aka sa musu ƙugiyoyin rataya keke. Aka fitar da hanyoyi a cikin kurmi, aka yi musu alama da launi kamar na siki: kore ga sabon shiga, sa'an nan shuɗi, da ja, baƙi kuwa sai gwanaye, waɗanda ke sa hular kwano mai rufe haɓa da sulke a gwiwa da baya. Garin Les Gets, wanda ba shi da nisa da Shamoni, ya yi suna a wannan fanni har ya karɓi gasar duniya sau biyu, a 2004 da 2022. Daga baya kuma keke mai batir ya shigo, wanda injinsa ke taimaka wa ƙafa, dokar Turai kuma ta ce ya daina taimako in gudu ya kai kilomita 25 a sa'a. Da shi dattawa da waɗanda ba su da horo suke kai wa inda da sai 'yan wasa.

To, amma dutsen yana da masu shi tun kafin keke. Hanyoyin da ke gefen kwarin ƙanana ne, masu tafiya da ƙafa kuma dubbai ne, musamman masu zagaya Mon Bulan, tafiyar kimanin kilomita 170 da ke ratsa ƙasashe uku. Mai keke da ke gangarowa a guje da iyalin da ke hawa da yara ba sa haɗuwa lafiya a kan hanyar da faɗinta bai fi kamu biyu ba. Saboda haka hukumar Shamoni ta hana hawa keke a kan yawancin hanyoyin ƙafa na kwarin a watannin Yuli da Agusta.

Ga kuma makiyaya. Har yau a ƙasar Savoie, inda kwarin yake, akan kora shanu zuwa makiyayar sama a watan Yuni, kowace saniya da ƙararrawa a wuya, su sauko da kaka kafin sanyi, kamar dai yadda Filaninmu ke tashi da dabbobi gwargwadon lokaci. Da nonon ake yin cuku irin su Reblochon da Tomme. Tun da kerkeci ya komo Faransa daga Italiya a 1992, masu tumaki suka koma ajiye wasu manyan fararen karnuka da ake kira patou, waɗanda ke girma a cikin garke. Karen nan bai san bambancin kerkeci da mai keke ba, duk abin da ya taho a guje abokin gaba ne. Shawarar da ake ba mahaya ita ce su sauka, su sa keken tsakaninsu da karen, su kewaye garke a hankali, kuma duk ƙofar shingen da suka buɗe su rufe ta.

TEKUN ƘANƘARA NA JANYEWA

Wanda yake son ya ga abin da ke damun mutanen kwarin, sai ya shiga ɗan jan jirgin ƙasa da ke hawa zuwa Montenvers, wanda ya kai can tun 1909. A zamanin da aka shimfiɗa dogon, ƙanƙara tana kusa da tashar. A 1988 aka kafa motar igiya ta sauka da mutane zuwa bakinta, daga inda ta tsaya kuma 'yan matakala kaɗan ne suka rage. Kowace shekara sai a ƙara matakala, har suka haura 500, a jikin dutsen kuma aka kakkafa alluna masu nuna inda ƙanƙara take a shekara kaza da shekara kaza. Daga bisani aka haƙura, aka gina sabuwar mota can gaba, aka buɗe ta a 2024. Tun daga tsakiyar ƙarni na 19 kogin ya ja baya fiye da kilomita 2. Ƙasansa yanzu tsakuwa da baraguzai sun rufe shi, kogon da ake haƙawa a cikinsa don baƙi kuwa sai an lulluɓe shi da fararen tamfol don kada rana ta cinye shi.

Masana sun auna cewa zafin tsaunukan Alps ya ƙaru da kusan digiri 2 tun ƙarshen ƙarni na 19, fiye da matsakaicin duniya, sanadin hayaƙin man fetur da gawayi da iskar gas da 'yan Adam ke ƙonawa. A shekarun 2022 da 2023 kaɗai kogunan ƙanƙarar Suwizalan sun rasa kashi 10 cikin 100 na jikinsu. Daɗin daɗawa, ƙanƙarar da ke cikin tsagogin dutse, wadda ta riƙe shi kamar siminti, ita ma tana narkewa. A 2005 wani babban sashe na dutsen Dru, wanda ake hange daga Montenvers, ya rufto. A bazarar 2022 jagorori suka dakatar da kai mutane Mon Bulan ta hanyar da aka fi bi saboda ruwan duwatsu. A watan Mayu 2025 kuma dutse da ƙanƙara suka binne mafi yawan ƙauyen Blatten a Suwizalan, Allah ya sa an riga an kwashe mutanensa.

Shamoni tana da tudu, saboda haka dusarta za ta daɗe fiye da ta wasu. Garuruwan da ke ƙasa-ƙasa su ne a gaba wajen shan wuya. An kafa injunan da ke fesa ruwa cikin iska ya zama dusa, amma suna cin ruwa da lantarki, kuma ba sa aiki sai da sanyi. A watan Fabrairu 2024 babbar kotun binciken kuɗi ta Faransa ta fitar da rahoto cewa wuraren siki kaɗan ne za su iya ci gaba bayan 2050. Garin Métabief da ke tsaunukan Jura, wanda ya karɓi gasar keken dutse ta duniya a 1993, tuni ya fara shirin ranar da zai rabu da siki ya dogara da keke da yawon ƙafa. In kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. Sai dai masu masauki sun sani sarai cewa baƙon bazara ba ya kashe kuɗi kamar na hunturu.

Arzikin kansa ya zo da tasa matsalar. Kusan gida bakwai cikin goma a Shamoni na baƙi ne masu zuwa hutu, a rufe suke mafi yawan shekara, tsada kuma ta kori 'ya'yan gari da ma'aikata zuwa garuruwan da ke ƙasan kwarin. A 2025 majalisar garin ta tsai da shawarar hana gina sababbin gidaje irin waɗannan. Haka kuma hanyar da aka huda ta ƙarƙashin Mon Bulan zuwa Italiya a 1965, mai tsawon kilomita 11.6, tana jawo manyan motoci dare da rana, da sanyi kuma hayaƙinsu da na itacen ɗumama ɗaki yakan kwanta a kwarin ya ƙi tashi.

Keke zai iya cika wa mai kanti aljihu, amma akwai aikin da ƙanƙara ke yi wanda ba shi da madadi. Ita ce rumbun ruwa. Takan adana abin da ya sauka da hunturu ta sake shi da bazara, daidai lokacin da ake bukata. Kogin Arve yana zuba a kogin Rhône a Janeba, shi kuma ya ratsa Faransa har Bahar Rum, yana shayar da gonaki da garuruwa da tashoshin lantarki. Manomin kudancin Faransa wanda bai taɓa ɗaura siki ba, shi ma yana da rabo a cikin abin da ke narkewa a Montenvers.

Duk ranar 15 ga Agusta jagororin Shamoni sukan taru a gaban cocin garin da igiyoyinsu da gatarinsu na ƙanƙara, a yi musu addu'a, a kuma tuna da 'yan'uwansu da dutse ya ci. Samarin da ke shiga ƙungiyar a yanzu suna koyon hanyoyin da iyayensu ba su bi ba, domin wasu tsofaffin sun zube, wasu kuma ba a bin su sai a farkon shekara kafin zafi. Suna fita tun da duhu fiye da da, suna kuma yawan juyowa ba tare da sun kai ba. Allah ya kiyaye matafiya, na tudu da na gangare.